Cutar da aka sa wa suna "da zafi, da zafi"

A yankin Toyama na ƙasar Japan akwai wani kogi da ake kira Jinzu. Can sama da shi, cikin duwatsun Kamiyoka, kamfanin Mitsui ya daɗe yana haƙar tutiya da dalma, dattin aikin kuma yana gangarowa cikin kogin. Manoman da ke ƙasa da wannan ruwa suke ban-ruwan shinkafarsu, shi suke sha, da shi suke girki.

Tun farkon ƙarni na 20 wani ciwo ya addabi ƙauyukan, galibi mata masu manyan shekaru waɗanda suka haifi ƴaƴa da yawa. Ƙashinsu ya yi laushi har tari kaɗai kan karya haƙarƙari, tsawonsu ya ragu. Suna kwance suna kukan "itai, itai", wato "da zafi, da zafi", kuma sunan da ya bi cutar ke nan. Shekara da shekaru ana ɗora laifin kan rashin abinci mai gina jiki da wahalar noma. A ganina, don tsofaffin matan ƙauye ne masu ciwon shi ya sa aka gamsu da wannan bayani.

Likitan garin, Noboru Hagino, bai gamsu ba. Ya lura cewa masu ciwon suna zaune ne inda ruwan Jinzu ke shiga gonaki. A 1961, shi da wasu masana suka nuna cewa wani ƙarfe ne mai suna kadmiyom, wanda ke fitowa tare da tutiya. Shinkafa na tsotsarsa daga ƙasa, ya taru a ƙodar mai ci, ya zauna shekaru goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita. Ƙoda ta lalace, sai sinadaran da ke gina ƙashi su riƙa zubewa cikin fitsari. A lakwal muna koya wa yara cewa madara na ƙarfafa ƙashi, amma ban taɓa gaya wa ajina cewa ƙoda ce ke tsare abin ba sai da na karanta wannan tarihi.

Gwamnatin Japan ta amince da musabbabin a 1968. Mutanen suka kai ƙara, suka yi nasara a 1971, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1972.

Wanda ya tuna gubar dalmar Zamfara ta 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinariya, zai ga bambanci. Waccan cikin watanni ta bayyana. Kadmiyom kuwa a hankali yake aiki, yarinya ta ci shi da ƙuruciya, ciwon ya fito tana kaka.

An daina haƙa a Kamiyoka a 2001. Aikin sauya ƙasar gonaki hekta 863 da suka gurɓata kuwa, wanda aka fara a 1979, bai ƙare ba sai 2012.