Baƙi Sun Zo, Baƙi Sun Tafi: Tarihin Masu Kallon Kawar

A wani darasin Faransanci da na yi a nan Bilma, na nuna wa ɗalibaina hotuna biyu. Na farko hoton wani ɗakin ibada ne na mabiya addinin Budda, manne a jikin dutse a ƙasar Butan. Na biyu hoton kangon Jado ne. Da na ce su nuna mini wanda yake cikin ƙasarmu, sai aji ya rabu biyu. Alhali Jado tana cikin gundumar Bilma, wajen kilomita 300 arewa da mu, kuma Turawa da yawa sun ƙetaro teku don su gan ta. Wannan ne ya sa na waiwayi tarihin waɗanda suka zo kallon Kawar, domin mu gane yadda aka yi baƙo ya fi ɗan gida sanin abin da ke cikin gida.

Kawar jerin dausayi ne da ke bin gindin wani dogon tsauni, kuma tun da daɗewa ita ce zangon da ba makawa sai an yada tsakanin Fezan da tafkin Cadi. Marubucin Masar Ibn Abdul Hakam ya ruwaito cewa Uƙba bin Nafi'u ya iso nan da rundunarsa wajen shekarar 666. Al-Idrisi ma ya ambaci garuruwan Kawar a littafin da ya kammala a 1154. Daga baya yankin ya shiga ƙarƙashin sarakunan Kanem da Barno. Waɗannan baƙin farko ba kallo ya kawo su ba. Mayaƙa ne da fatake, kuma cikin hajar da ta bi wannan hanya har da bayi.

Ayarin gishiri shi ne baƙon da ya fi daɗewa yana dawowa. Kowace kaka Buzayen Azbin sukan ratso Tenere ta Fashi, su kawo gero, su koma da dabino da kantu da foshi daga ramukan gishiri na Kalala, su gangara da su kasuwannin Damagaram da Kano. Gishirin Balma da Hausawa suka sani ke nan. Madugu da mai gishiri sun san juna da suna, wani lokaci tun daga kakanni, domin kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa.

A ƙarni na 19 sai ga wani irin baƙo, mai alƙalami da littafi. Denham da Clapperton da Oudney sun sauka Bilma a watan Janairu na 1823 bisa hanyarsu ta zuwa Kukawa, kuma sun ba da labarin ƙasusuwan bayi da suka gani a bakin rijiyoyin hanya. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta nan a 1855 yana komawa gida. Rohlfs ya biyo baya a 1866, Nachtigal a 1870. Bayan masu alƙalami sai masu bindiga: sojan Faransa sun kafa sansani a Bilma a 1906. Tun daga wannan zamani aka fara rubuta Kawar da harsunan da mutanen Kawar ba sa ji.

Yawon buɗe ido na zamani ya zo da mota. Ayarin manyan motocin Berliet ya ratsa Tenere a 1959 da 1960. Bishiyar Tenere, wadda madugai suka daɗe suna auna hanya da ita, wata mota ta kayar da ita a 1973, aka kai gawarta gidan tarihi na Yamai. Tseren Paris-Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya kai hoton rairayinmu cikin talabijin na Turai. A shekarun 1980 kamfanonin jagorar baƙi suka bunƙasa a Agadas, mafi shahara shi ne na Mano Dayak. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Ayar da Tenere cikin kayan gadon duniya. Shekara ɗaya bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda tawayen da ya ɓarke.

Daga nan harkar ta zama kamar ruwan hamada, ya zo da ƙarfi ya ɗauke. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ta dawo da baƙi sannu a hankali. Tawayen 2007 ya kore su, sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba na 2010 ya rufe ƙofar. Da aka sanya tsohon birnin Agadas cikin gadon duniya a 2013, masu zuwa kallo sun riga sun yi ƙaranci. A 2014 kuwa dubban mutane suka kwarara Jado, amma zinari suka je nema, har gwamnati ta rufe wurin a 2017. Ko a lokacin da kasuwa ke ci, tsofaffin Bilma suna tuna cewa baƙin kwana ɗaya ko biyu suke yi, su ɗauki hoton Kalala su wuce. Mota da direba da abinci duk daga Agadas aka taho da su.

A nan ne hoton farko na darasina yake da abin faɗa. Butan ƙaramar masarauta ce a tsaunukan Himalaya, tsakanin Indiya da Sin. Ba ta buɗe ƙofarta ga ƴan yawon buɗe ido ba sai a 1974, shekarar bikin naɗin sarkinta na huɗu, Jigme Singye Wangchuck. Ta zaɓi baƙi kaɗan masu biya da yawa. Harajin da baƙo ke biya kowane dare ya tashi daga dala 65 zuwa 200 a 2022, sannan aka sauke shi zuwa 100 a 2023. Ɗakin ibadar da ke cikin hoton, Taktsang, an gina shi a 1692 a saman kwarin Paro. Gobara ta ci shi a 1998, aka kammala sake gina shi a 2005. Manyan ganuwoyin ƙasar, waɗanda suke kira dzong, kamar ta Punaka da aka gina a 1637, har yanzu ofisoshin mulki ne kuma mazaunin malaman addininsu. Ba aljanna ba ce: a farkon shekarun 1990 dubban ƴan ƙasar masu jin harshen Nepal sun tsinci kansu a sansanonin gudun hijira. Amma ta fuskar gado, darasin a fili yake. Mutanen Butan ba don baƙo suka sake gina Taktsang ba. Suna amfani da shi, sun san labarinsa, shi ya sa su ke da ikon faɗa wa baƙo ta inda zai shiga da abin da zai biya.

Mu fa? Jado da Jaba sun zama kufai bayan hare-hare da zazzaɓin sauro sun tarwatsa Barebarin da ke zaune cikinsu, sai Tubawa da ke zuwa tsinkar dabino. Nijar ta gabatar da tudun Jado cikin jerin share fage na UNESCO a 2006. A wannan shekarar ce kuma, cikin watan Agusta, ruwan sama ya rushe gidaje masu yawa a Bilma, ya tuna mana cewa ginin laka mai gishiri narkewa yake yi. Abin da ya sami gidajen da ke da masu su, ina ga waɗanda ba mai yaɓe su?

Ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, ba mu da ikon dawo da jiragen baƙi, amma akwai abin da ke hannunmu. Kalala tana bayan gari, tafiyar ƙafa ce. Mu kai ɗalibai su ga yadda ake zuba kantu, su tambayi sunan kowane kayan aiki su rubuta. Mu ɗauki muryoyin tsofaffin madugai da masu ramukan gishiri da Barbarci da Tubanci da Tamashek da Hausa, tun suna da rai. Mu haɗa kuɗin mota guda, ko sau ɗaya a shekara, zuwa Shirfa da Jado idan hanya ta yi lafiya. Gishiri da dabino da ayari su ne gadonmu da ke numfashi har yau, kangaye kuma shaidunsa ne.

Baƙo zai dawo wata rana, domin tun zamanin Uƙba bai taɓa daina dawowa ba. Fatana shi ne ya tarar da yaron Bilma a bakin ganuwar Jado yana ba shi labarinta, ba yana tambayarsa a wace ƙasa take ba.