Tsofaffin Hotunan Ƙasar Basirka da Wanda Ya Dace Ya Gyara Su

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, hoto ɗaya tak ya bar mana. An ɗauke shi a Kano tun zamanin En'e, lokacin Gwaram da Birnin Kudu suna ƙarƙashin Masarautar Kano, shekaru da dama kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Su bakwai ne a ciki, duk mutanen Basirka. Wata damina rufin ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya shiga firam ɗin, takardar ta manne da gilashi. Sai na kai wa wani mai hoto a birni. Ya ɓamɓare ta, ya goge da auduga, ya kuma manne ta cikin leda da zafin inji. Fuskoki uku suka tafi, har da ta mahaifina. Masu iya magana suka ce garin neman gira a rasa ido.

Wannan hasara ce ta sa na shiga bincike. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre, wadda ake kira dagerotaif. Farantin jan ƙarfe ake shafe wa azurfa, a fito da surar da tururin zaiba. Ba shi da nagetif, saboda haka kowane ɗaya ba shi da na biyu, kuma ko yatsa aka goga a kansa sai ya ɓaci. Kafin Turawa su ci Kano a 1903 an daɗe da barin wannan hanya. Abin da muka gada hotunan takarda ne, amma su ma surarsu ƙwayoyin azurfa ce a cikin wani siririn danƙo da ke saman takardar. Danshi yana kumbura danƙon, fumfuna ta ci shi, gara kuma ta ci takardar.

A nan ne na gane bambancin mai hoto da masanin adana kayan tarihi. Mai hoto yana iya kwafar hoto a kwamfuta ya cike gurbin da ya lalace, wannan ba laifi, muddin bai taɓa na asali ba. Shi kuwa masani, ƙa'idarsa ita ce ya fara bincike, ya rubuta halin da abin yake ciki, ya ɗauki hotonsa, sannan kada ya yi masa wani aikin da ba za a iya warwarewa ba. Duk wanda ya ce zai wanke, ko ya sa gam, ko ya manne da leda nan take, to a karɓe kaya a yi gaba.

Ina za a sami irin wannan masani? Shawarata a fara tambaya a gidajen da aikinsu ke nan: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Arewa House wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970. A 2008 wata masaniya 'yar Amurka, Michaelle Biddle, ta zagaya Arewa tare da haɗin gwiwar Arewa House tana duba tsofaffin rubuce-rubucen malamai. Haka kuma, hotunan Solomon Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Sarkin Binin, an adana su a cibiyar Smithsonian ta Amurka, aka baje kolinsu a 2014. Da an goge su kamar nawa, da babu abin nunawa.

Kafin a kai ga masani, akwai abin da kowane magidanci zai iya. A raba hoto da rana da bango mai danshi. A sa shi cikin farar takarda, a ɗora adakar a kan wani abu don gudun gara. Kada a sa salatif ko biro. Wanda ya manne da gilashi a bar shi yadda yake. Mafi muhimmanci, a zauna da dattawa a rubuta sunayen mutanen da ke ciki da fensir. Cikin fuskoki huɗun da suka rage a hoton mahaifina, biyu kaɗai aka iya faɗa mini sunayensu, domin gwaggona da ta san sauran ta rasu kafin in tambaye ta.