Yadda Ake Gano Tushen Gurɓatar Iska

Gano tushen gurɓatar iska hanya ce da masana ke bi don tantance asalin ƙura da hayaƙin da jama'a ke shaƙa. A tashoshin sa ido, na'ura kan zuƙi iska ta cikin matata, sannan a auna sinadaran da suka maƙale mata. Kowane tushe da alamarsa: silikon da alminiyum na nuna ƙurar ƙasa, irin wadda iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, fotasiyam na nuna hayaƙin itace, banadiyam da nikel kuwa, ƙona baƙin mai. Da wannan lissafi hukuma ke sanin inda za ta fara gyara, ba tare da ta ɗora wa wani laifin wani ba.