Bindigar Iska ta Gwanjo: Gane Samfuri da Shekarunta

Bindigar iska, wadda aka fi sani da bindigar harbin tsuntsaye, ba ta cin albarushi. Matsattsiyar iska ce ke tunkuɗa ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Wadda ta fi yawa ita ce mai karyewa a tsakiya: a lanƙwasa bututun ƙasa, sifirin ya ɗanu, a sa harsashi, a mayar. A Fadaman Mada da sauran unguwannin Bauchi, irinta kan shigo hannun mutum ta gado ko ta gwanjo, babu kwali babu takarda. Shaidar da ta rage sai wadda aka buga a jikin ƙarfe. Ƙota ba abin dogara ba ce, domin kafinta kan sake ta.

Sunan da ke jiki ba kullum yake nuna ƙasar da aka ƙera ta ba, kuma Diana ce babban misali. Kamfanin Mayer & Grammelspacher, wanda ya fara ƙera Diana, ya kafu a garin Rastatt na Jamus a 1890. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashe injinansa zuwa Birtaniya, inda kamfanin Milbro ya riƙa ƙera bindigogi da sunan Diana a Sikotland har zuwa 1982. Da Jamusawan suka farfaɗo, sai suka riƙa sayar da nasu a Ingila da sunan Original, a wasu kasuwanni kamar Afirka ta Kudu kuma da sunan Gecado. Ke nan Diana mai tambarin Birtaniya ta Milbro ce, Gecado kuwa Bajamushiya ce ko da ba a rubuta Diana ba. Daga wajen tsakiyar shekarun 1960 kamfanin na Rastatt ya riƙa buga wata da shekara da ƙananan lambobi a gefen hagu na silindar, kusa da ƙarshenta: 08 76 na nufin Agustan 1976. Lambobin ƙanana ne ainun, sai an goge wurin da tsumma mai ɗan mai an haska tocila a karkace.

Bindigogin Jamus na da wasu alamomi biyu. Duk wadda rubutunta ya ambaci Jamus ta Yamma, an yi ta kafin haɗewar ƙasar a 1990. Harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar kuwa ya fara ne a 1970, yana nuna ƙarfin harbin bai wuce jul 7.5 ba. Idan alamun biyu suka haɗu, an san tsakanin waɗanne shekaru za a nema.

BSA ta Birmingham ta soma bindigar iska a 1905. Airsporter ta fito a 1948, Meteor a 1959. Haruffan da ke gaban lambar siriyal su ke faɗin zubin samfurin da faɗin bakinsa, amma sai an gwada su da jadawalin masu tara tsofaffin bindigogi. Kamfanin Gamo na Sifen ya sayi BSA a 1986. Crosman ta Amurka tun 1975 take sa wata da shekara a farkon lambar siriyal. Weihrauch ta fi wuyar sha'ani: HW 35 tun 1951 ake ƙera ta, don haka sunan samfurin kaɗai bai faɗi komai game da shekaru ba. Na Sin masu arha, irin su B2 da B3, sau da yawa ba a samun abin da ya wuce sunan masana'anta a jikinsu.

Inda tsatsa ta cinye rubutu, sai a koma ga ƙira. Tsofaffi na da zoben fata a kan fistin, na baya-bayan nan na roba. Kwarmin ɗaura madubin hange a bayan silinda da makullin kunama su ma sun fi yawa a sababbi. Yanayin Bauchi kan ruɗi mai kimantawa: hunturu na busar da fata har harbi ya yi rauni, damina na sa tsatsa, bindigar shekara ashirin ta yi kama da ta hamsin. Kankare tsatsa da samfefa kuskure ne, don tare da ita lambobin ke tafiya.

Lambar siriyal na da wani amfani da ya wuce sanin shekaru. Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigar iska cikin rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake mallaka, saɓanin bindigar toka da ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Wadda aka goge lambarta da gangan ba abin saye ba ce, komai arharta.