Waken Samaru da aikin da ke jiran ɗalibai

Manomin Gaya ko na Ajingi ya san sharrin tsutsar wake tun yana yaro. Da wake ya fara fure take shiga, ta ci furen, ta huda kwanso, a shekarar da ta yi tsanani ta kwashe har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Mafitar ita ce feshi, sau 6 zuwa 8 a damina guda, ga tsada, ga warin magani da ke bin mai feshi har ɗakinsa.

A 2009 masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, suka fara gwajin wani sabon iri, Farfesa Mohammad Ishiyaku na jagorantar aikin. Da taimakon masanan Ostareliya, an ɗauko ƙwayar gado ɗaya daga wata bakteriya mai rayuwa cikin ƙasa aka sa ta cikin wake. Sai waken ya riƙa samar da wani furotin da ke kashe tsutsar in ta ci. Hukumar NBMA, mai ba da izinin sakin irin da aka sauya wa ƙwayar gado, ta amince da shi a Janairun 2019, a Disambar shekarar aka yi masa rajista da suna SAMPEA 20-T, aka ƙaddamar da shi a Kano a Yunin 2021. Feshi ya sauko zuwa sau 2, saboda sauran ƙwari.

Sai dai iri ya riga bayani isa ƙauye. Mutane na tambaya: in na ajiye iri zai sake tsiro? Ba ya hana haihuwa? Irin yana tsiro, amma ban ga laifin mai tambaya ba. A Kano ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Tabon nan na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A wata nahiyar ɗalibai ne suka ɗauki nauyin bayani. A Janairun 2003 wasu ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka suka yi wani ɗan kwas kan yadda za a tsara ƙwayoyin gado su yi aikin da aka nufa. Daga nan gasar iGEM ta samo asali, aka fara da tawaga 5 a 2004, yau ɗaruruwa ke shiga. Abin da ya fi burge ni, alƙalan gasar ba sa tsayawa kan aikin ɗakin gwaji. Suna duba ko ɗaliban sun fita makarantu da unguwanni sun yi bayani, sun kuma saurari tsoron jama'a.

A wurinmu aikin zai fara ne daga kalma. In aka ce wa dattijo an "ƙirƙiri halitta", hira ta ƙare, kuma yana da gaskiya, domin ba wanda ya halicci rai. Gyara ne aka yi wa abin da Allah Ya riga Ya halitta, kamar yadda tun 1982 masu ciwon suga ke amfani da insulin da bakteriya ke samarwa.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka kafa a 2001, yanzu mai ɗauke da sunan Aliko Dangote, maƙwabciyar Gaya ce, kuma 'ya'yan manoman yankin na karatu a cikinta. Ɗalibai, kafin faɗuwar damina ku shiga kasuwa da dandali da ƙofar mai unguwa, ku yi bayanin nan da Hausar da iyayenku ke ji, ku bar su su yi tambaya har su gamsu.