Shekara ɗaya, hali biyu: Yahudawan Andalus da na Tuwat a 1492



A watan Fabrairun 2021, lokacin da aka ƙone kasuwar Shasha a nan Ibadan, rumfar albasar mahaifina ta ƙone ƙurmus. Mu kuma kwana biyu muka yi a ɗakin wani Bayarabe Kirista maƙwabcinmu, wanda ya kulle mu ciki ya zauna a bakin ƙofa yana ce wa matasa babu kowa. Tun daga ranar nake tambayar kaina, idan mu ne masu gari, yaya muke yi da baƙon da ba addininmu ɗaya ba? Duk wanda na tambaya sai ya ce ai Musulunci ya kare su. To haka ne a littafi, amma da na bi tarihi sai na ga labarin ya fi haka tsawo.

Bari mu fara da dokar. Wanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin mulkin Musulunci ana kiransa zimmi, wato ɗan amana. Namiji baligi mai hali yana biyan jiziya, ban da mata da yara. A madadin haka an kare masa rai da dukiya da addini, ba ya fitar da zakka, ba a kuma tilasta masa zuwa yaƙi. Sai dai akwai sharuɗɗa masu nauyi da malamai suka gindaya, irin su hana gina sabon wurin ibada a garin da Musulmi suka kafa, da bambanta tufafi. Wato kariya ce ta gaske, amma ba daidai yake da Musulmi ba.

Yanzu ga shekarar 1492. A watan Janairu garin Garanada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ya faɗa hannun Sarki Fadinand da Sarauniya Isabela. A ƙarshen Maris suka ba Yahudawan Sifaniya wa'adin wata huɗu, ko su zama Kirista ko su bar ƙasar. Dubbai suka fita. Sarkin da ya buɗe musu ƙofa Musulmi ne, Sultan Bayazid na biyu na Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Suka zauna a Santambul da Salonika, har ta kai Yahudawa suka fi kowace al'umma yawa a Salonika. A 1493 wasu 'yan uwa biyu daga cikinsu suka kafa injin buga littafi na farko a Santambul. Jikokinsu sun yi shekaru ɗaruruwa suna magana da harshen da suka taho da shi, kamar yadda mu ma muka riƙe Hausarmu a ƙasar Yarbawa.

Wannan shi ne labarin da muke son ji. Amma wajen wannan shekarar dai, a Tuwat, wani zango na ayarin Sahara da ke kudancin Aljeriya ta yau, wani abu daban ya faru. A garin Tamantit akwai Yahudawa 'yan kasuwa da maƙeran zinariya da suka daɗe a wurin. Sai Shehu Muhammadu al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya yi fatawar cewa sun warware amana, domin sun kusanci masu mulki kuma ba sa biyan jiziya yadda ya kamata, saboda haka a rushe majami'arsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce bai yarda ba. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, kawunansu suka rabu, fatawowin kuma suna nan cikin littafin al-Mi'iyar na al-Wansharisi. Da al-Maghili ya samu goyon bayan wasu, ya ja jama'a aka rushe majami'ar, aka kashe mutane da yawa, sauran suka watse.

Mai karatu, sunan nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne dai malamin da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki da adalci, daga baya ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Ba na musun iliminsa ko abin da ya yi wa ƙasar Hausa, kuma ni ba kowa ba ne a gaban malamai. Amma ɓoye abin da ya faru a Tamantit ba girmama tarihi ba ne.

Abin da na fahimta shi ne, Sultan Bayazid da al-Asnuni da al-Maghili duk littafi ɗaya suke karantawa. Ɗaya ya buɗe ƙofa, ɗaya ya tsaya kare 'yan amana, ɗaya ya ja gayya. Ran marar rinjaye ya rataya ne a kan wanda gari ya bi ranar da hankali ya tashi. Mu mazauna Kudu mun san wannan a jikinmu, tun daga Shagamu a 1999, inda bayan an kashe namu aka je Kano aka huce a kan Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba.

A Sahihul Bukhari akwai gargaɗi mai tsanani ga wanda ya kashe mutumin da ke da alkawarin zaman lafiya da Musulmi. Saboda haka roƙona ga matasanmu, idan mun je gida sallah muka ji ana zuga a kan Ibo ko Bayarabe na Sabon Gari, ko Bamagujen ƙauye, mu tuna wanda ya taɓa zama a bakin ƙofa dominmu. Mu ne ya kamata mu fara cewa a'a, don mun ɗanɗana.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Wassalam.