Yadda Sankara Ke Samo Asali Daga Ƙwayar Halitta Guda

Sankara, wadda aka fi sani da ciwon daji, cuta ce da ke farawa idan ƙwayar halitta ta daina bin ƙa'idar da ke tsara rabuwarta. Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Da yawansu kan rabu biyu domin maye gurbin waɗanda suka mutu ko warkar da rauni, kuma da zarar an biya buƙata sai su dakata.

Umarnin wannan aiki yana rubuce ne a cikin ƙwayoyin gado. Wasunsu tamkar ƙaimi suke, suna zaburar da ƙwaya ta rabu. Wasu kuwa linzami ne mai tsayar da ita. Fitacce daga cikin masu tsayarwa shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Aikinsa shi ne dakatar da ƙwayar da ta samu tangarɗa har a gyara ta, idan kuma gyara ya faskara, ya sa ta mutu. Kusan rabin cututtukan sankara ana samun p53 ya lalace a cikinsu.

Lahani guda ba kasafai yake wadatarwa ba. Sai sun taru a tsawon shekaru, ƙaimi ya maƙale, linzami ya tsinke, sannan ƙwayar ta ci gaba da hayayyafa har ta zama ƙari. Ƙarin da ya tsaya wuri guda yana da sauƙin magani. Mugun shi ne mai kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini zuwa hanta, huhu ko ƙashi.

Duk abin da ke lalata ƙwayoyin gado, ko yake tilasta wa ƙwaya yawan rabuwa, yana ƙara haɗarin. A Sakkwato, nazarce-nazarcen likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun nuna yawan sankarar mafitsara tsakanin maza, suka kuma danganta ta da tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan fadama da gulbi irin na Rima. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a bangon mafitsara, ya riƙa jawo kumburi shekara da shekaru, ƙwayoyi suna ta rabuwa don gyara har kuskure ya shiga. Haka nan ciwon hanta nau'in B, da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, suna haddasa sankarar hanta. Taba kuwa ita ce kan gaba wajen jawo ta huhu.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum kimanin miliyan 20 ne suka kamu da sankara a 2022, miliyan 9.7 suka rasu. Sai dai ana iya kauce wa wani kaso mai yawa. A watan Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV, mai haddasa sankarar bakin mahaifa. Tsargiya tana da magani, ciwon hanta nau'in B ma yana da rigakafi.

Fitsarin jini, ƙullutu a mama, zubar jini ba lokacin al'ada ba, ko rama babu dalili, alamu ne da ke bukatar ganin likita ba tare da jinkiri ba, domin ƙarin da aka gano kafin ya bazu ya fi karɓar tiyata da magani.